Tsakanin Kunne da Zuciya: Waiwaye a Kan Kalmar "Ji"

A cikin kalmomin da Bahaushe yake furtawa tun daga fitowar alfijir har ya kai haƙarƙarinsa ƙasa, da wuya a sami wadda aka ɗora wa kaya kamar "ji". Haruffa biyu ce kacal, amma da ita yake jin kiran salla, ya ji ƙamshin turaren wuta, ya ji zaƙin zuma, ya ji sanyin hunturu har cikin ƙashinsa. Da ita yake jin yunwa da ƙishirwa da jiri, kuma da ita ɗin dai yake jin tsoro da kunya da tausayi. Idan aka tambayi baƙo ko yana jin Hausa, kowa ya san fahimtarsa ake tambaya, kamar yadda yaron da aka ce ba ya ji yakan kasance kunnensa garau yake, biyayya ce ta yi masa ƙaranci. Har zato ma da ita ake yi, shi ya sa manomi zai ɗaga kai ya dubi gabas ya ce yana jin yau za a yi ruwa.

Na shafe shekarun karatun digirina na biyu ina bibiyar wannan kalma da 'yan'uwanta a bakin mutanen birnin Katsina, daga majalisun dattawa zuwa rumfunan kasuwa da tsakar gidaje. Na shiga aikin a matsayin ɗalibin harshe mai neman ma'anoni da rabe-rabensu, amma halin da jiharmu take ciki ya sa tambayar ta fi ƙarfin kundi. Abin da nake son bayyanawa a nan shi ne, tsakanin abin da ya taɓa kunne ko ido da abin da mutum zai buɗe baki ya ce ya ji ko ya gani, akwai wata 'yar tazara wadda zuciya take cikewa da abin da ta saba da shi. Harshenmu ya san da wannan tazara tun tuni, kimiyya ta zo ta auna ta, kuma a yau akwai rayukan da suke tsira ko su salwanta a cikinta.

Aiki biyar, sakamako biyu

A makaranta an koya mana cewa mariskai, wato kafofin da jiki yake riskar duniya da su, guda biyar ne: gani da ji da shaƙa da ɗanɗano da taɓi. Wannan ƙidaya ta samo asali daga Aristotal, masanin falsafar Girka na ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ta biyo ta littattafan Larabci har ta iso zaurukan malamanmu, sannan boko ya sake kawo ta ta wata ƙofar. A 1991 wani manazarci mai suna Ian Ritchie ya rubuta babi a kan kalmomin mariskai a ƙasar Hausa, cikin wani littafi da David Howes ya tace, inda ya nuna cewa Hausa ta kasa su gida biyu ne, gani a gefe guda, sauran duka kuma a ƙarƙashin ji. Tun daga nan ake yawan kawo Hausa misali idan ana son nuna cewa ƙidayar biyar ba dole ba ce ga kowace al'umma.

Maganar tana da gaskiya, sai dai tana buƙatar ciko. Hausa tana da kalma ta musamman ga aikin kowace gaɓa. Ido yana dubawa, kunne yana saurare, hanci yana shinshinawa, harshe yana ɗanɗanawa, hannu yana taɓawa ko shafawa ko lalube. Waɗannan duka ƙoƙari ne da mutum yake yi da gangan. Abin da ƙoƙarin ya haifar shi ne ya kasu biyu, ko dai a gani ko a ji. Shi ya sa ake cewa "na duba ban gani ba", "na saurara ban ji ba", "na ɗanɗana ban ji gishiri ba". Ke nan Bahaushe ya raba tsakanin gaɓar da take aiki da abin da ya isa ga mai gaɓar, kuma ya san na farko yana iya aukuwa ba tare da na biyu ba.

Akwai kuma hawa na uku. Bakatsinen da ya murɗa rediyonsa ya kamo tashar Maraɗi lokacin da ake labarai da Faransanci zai iya cewa, "Ina jin muryarsa sarai, amma ba na jin abin da yake faɗa." Ji biyu ne a jimla ɗaya, na farko na kunne, na biyu na hankali. Turanci yakan jingina fahimta ga ido, kuma Hausa ma ba ta rasa irin wannan ba, tun da "gane" daga "gani" ta fito, muna kuma cewa "a ganina". Amma nauyin fahimta da biyayya da zato ya fi rinjaya wajen ji. Ba mu kaɗai ba ne a wannan, domin a 2000 Nicholas Evans da David Wilkins sun nuna cewa harsunan asali na Ostareliya da dama ta kalmar ji suke kaiwa ga sani da tunani.

Abin da yake isa ƙwaƙwalwa

Abin da Bahaushe yake kira zuciya idan yana maganar tunani, likita ƙwaƙwalwa yake kiransa. Ita kuwa ƙwaƙwalwa a kulle take cikin ƙoƙon kai, babu haske ko sauti ko ƙamshi da yake shiga wurinta. Abin da yake isa gare ta ɗan saƙon lantarki ne da jijiyoyi suke ɗauko wa. Sauti kaɗawar iska ce, wadda take bugun dodon kunne, ƙananan ƙasusuwa 3 su miƙa bugun zuwa wata gaɓa mai siffar katantanwa cike da ruwa, inda wasu ƙwayoyi masu siraran gashi suke juya motsin ya zama saƙo. Kunnen matashi mai lafiya yana kama kaɗawa daga 20 zuwa kimanin 20,000 a daƙiƙa guda. Abin da ya wuce haka, kamar yawancin kukan jemage, yana nan a cikin iska amma mu ba mu da labarinsa.

Ido ma haka yake. A shimfiɗar da take can bayan ido akwai ƙwayoyi masu karɓar haske kimanin miliyan 100, amma jijiyar da take kai saƙonsu ƙwaƙwalwa zarenta bai wuce miliyan 1 da 'yan kai ba. Ma'ana tun kafin labari ya bar ido an riga an tace shi, an taƙaita. Bugu da ƙari, a daidai inda wannan jijiya ta fita daga ido babu ƙwayar haske ko ɗaya, don haka kowane ido yana da gurbin da ba ya gani. Wani Bafaranshe mai suna Edme Mariotte ne ya gano haka a wajen 1660. Mai karatu zai iya jarrabawa: ya yi ɗigo biyu a takarda da tazarar faɗin tafin hannu, ya rufe idon hagu, ya kafa na dama a kan ɗigon hagu, sannan ya riƙa matso da takardar sannu a hankali. Za a kai wani wuri da ɗigon dama zai ɓace, kuma ba rami zai gani a gurbinsa ba, farar takarda zai gani. Ƙwaƙwalwa ce ta yi ciko da abin da yake kewaye, ba tare da ta yi shawara da mai ita ba.

Madafin gidajenmu ma cike yake da irin waɗannan darussa. Muna cewa barkono yana da zafi alhali ko daga cikin firji aka ɗauko shi. A 1997 David Julius da abokan aikinsa suka gano cewa sinadarin da yake cikin barkono yana buɗe ƙofar jijiyar da zafin wuta yake buɗewa idan ya haura kimanin digiri 43 a ma'aunin Salshiyos, binciken da ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 2021 tare da Ardem Patapoutian. Jijiyar saƙo ɗaya ta iya aikawa, ƙwaƙwalwa kuma ta karanta shi da sunan zafi, har gumi ya karyo. Na'ana'a tana yin irin wannan da jijiyar sanyi. A ɓangaren hanci kuwa, aikin Linda Buck da Richard Axel na 1991, wanda ya samo musu Nobel a 2004, shi ya buɗe hanyar sanin cewa ɗan'adam yana da nau'in makarɓar ƙamshi kimanin 400, kuma kowane ƙamshi haɗin gambiza ne na da yawa daga cikinsu. Karin maganar da ta ce hanci bai san daɗin gishiri ba ta yi daidai a kan gishiri, domin shi na harshe ne. Amma daɗin miya yawancinsa ta hanci yake bi, shi ya sa mai mura yake cewa abinci ya yi masa salam. Daddawar da take tsinka mana yawu, baƙon da bai tashi da ita ba toshe hanci yake yi, majemi kuma ya daɗe da daina jin warin da yake korar mai wucewa. Sinadarin da yake shiga hancinsu ɗaya ne, sabo ne ya raba su.

Wannan fahimta ba sabuwa ba ce. Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen 965 ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya tabbatar a Kitabul Manazir cewa haske daga abubuwa yake tasowa ya shiga ido, ya kuma yi bayanin cewa sanin nisan abu da girmansa da gane ko mene ne shi hukunci ne da hankali yake yankewa cikin sauri, har mutum ba ya lura ya yanke. Imamul Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya buga misali da inuwa, wadda ido yake gani a tsaye cik alhali tafiya take yi, da tauraro, wanda ido yake rainawa alhali lissafi ya nuna ya fi duniya girma. A ƙarni na 19 Bajamushe Hermann von Helmholtz ya sake gina wannan ra'ayi a kan gwaji, kuma a kansa ilimin zamani ya ɗora. Duk wanda ya bi hanyar Jibiya da tsakar ranar bazara ya ga kawalwalniya shimfiɗe a kan kwalta kamar tafki, ya ga misalin da idonsa. Hasken sararin sama ne iska mai zafi ta lanƙwaso zuwa ido, ƙwaƙwalwa kuma ba ta san wani abu mai ƙyalli a ƙasa irin haka ba sai ruwa. Haka nan hasumiyar Gobarau takan yi kamar ta ja da baya a ranar da hazo ya sauka, domin mun saba abu mai dishi-dishi abu ne mai nisa.

Kalangu da rubutun boko

A matsayina na ɗalibin harshe, misalan da suka fi kama ni biyu ne, kuma duka na gida ne. Na farko kalangu. Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓar kalma tana da hawa ko sauka ko faɗuwa. Makaɗi yana matse tsirkiyar kalangu a hammata ya saki, fatar ta ɗaure ko ta sassauta, sautin ya hau ko ya sauka bisa karin maganar da yake nufi. Babu baƙi ko wasali ko ɗaya a cikin abin da yake fitowa. Duk da haka mahaucin da aka kaɗa wa takensa zai ce ya ji an kira shi, tsikar jikinsa ta tashi, kuma waɗanda suka tashi da waƙoƙin marigayi Mamman Shata, mutumin Musawa da ya rasu a 1999, sukan gaya maka abin da kalangan suke faɗa kafin mawaƙin ya buɗe baki. Baƙon da yake tsaye kusa da su, mai kunne lafiya lau, kiɗa kawai yake ji. Makaɗi ya ba da ƙashin maganar, mai sauraro ne ya sa mata tsoka daga abin da ya riga ya haddace.

Na biyu shi ne wannan rubutu da mai karatu yake bi yanzu. Kalangu yana ba da kari ba tare da haruffa ba, rubutun boko kuma yana ba da haruffa ba tare da kari ko tsawon wasali ba. Kalmar "kuka" iri ɗaya ake rubuta ta, amma babu Bahaushen da zai karanta "miyar kuka" da karin "yaro yana kuka". Haka "gari" na zama da "gari" na tuwo, haka "fari" na launi da "fari" na rashin ruwa. Mai karatu ba ya tsayawa ya yi zaɓi, kalmar da ta dace ce kawai take faɗo masa, har ya ɗauka a takardar ya gan ta. Wannan cikon da zuciya take yi baiwa ce, in ba don shi ba da ba mu iya karatu ko hira a cikin hayaniyar kasuwa ba. Sai dai zuciya da abin da aka zuba mata take ciko, kuma abin da aka zuba wa zukatan mutanenmu a 'yan shekarun nan ya sauya.

Ƙara ɗaya, labari biyu

Lokacin da hare-hare suka tsananta a ƙananan hukumomi irin su Batsari da Safana da Jibiya da Ɗanmusa da Ƙanƙara, gidaje da yawa a cikin birni sun karɓi 'yan'uwan da suka baro ƙauyuka. Duniya ta fi sanin daren 11 ga Disamba 2020, lokacin da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, amma kafin wannan dare da bayansa ƙauyuka da dama sun ga nasu daren wanda babu jaridar da ta ɗauka. Gidanmu, wanda ba shi da nisa da Ƙofar Soro, ya karɓi ƙanwar mahaifina da jikokinta biyu.

Da hantsin wata ƙaramar Salla, Sarki ya taso daga Idi, 'yan bindigarsa suka fara sakin bindigogin gargajiya kamar yadda aka saba. Ga duk wanda ya tashi a cikin birni wannan ƙara albishir ce, alama ce hawa ya kankama. Yaran gidan suka kwasa a guje zuwa ƙofa suna sowa. Gwaggo kuwa a bayan randa muka same ta durƙushe, ta danne jikokin nan biyu da ƙirjinta, jikinta yana ɓari. Na tsuguna kusa da ita na ce, "Gwaggo, ku kwantar da hankalinku, 'yan bindigar Sarki ne, hawan Salla ake yi." Sai da ta ɗan nisa sannan ta ce, "Na sani, ɗan nan. Tun jiya aka gaya mani. Ni na sani, jikina ne bai yarda ba."

Ban taɓa cin karo da bayanin da ya fi wannan daidai a littafi ba. Joseph LeDoux, masanin ƙwaƙwalwa a Jami'ar New York, ya nuna ta gwaji a kan ɓeraye cewa saƙon sauti yana da gajeriyar hanya zuwa wani ɗan sashe da ake kira amigdala, wanda yake tayar da jiki idan haɗari ya taso, kafin saƙon ya gama bin doguwar hanyar da take kaiwa ga tunani. Zuciya ta buga, ƙafa ta ɗauka, sannan hankali ya iso da bayani. Bahaushe ya taƙaita wannan da cewa wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ya kuma ce jiki ya fi kunne ji.

Bai kamata a ɗauki wannan a matsayin nakasa kawai ba. Kunnen Gwaggo ya koyi abin da namu bai koya ba. Da dare takan bambance ƙarar babur ɗaya da ta babura masu tafiya a jere tun suna nesa, ta kuma faɗi ta inda suka dosa. Ƙwaƙwalwa tana gane ɓangaren da sauti ya fito ne ta hanyar auna tazarar isarsa kunnen dama da na hagu, tazarar da ba ta kai kashi 1 cikin 1,000 na daƙiƙa ba, kuma a ƙauyensu wannan ƙwarewa ita ce ta ba su damar shiga cikin dawa da yara kafin a iso. Babur, wanda a da ƙararsa take nufin ɗan acaɓa ko ɗa ya dawo daga kasuwa, ya zama abin da gwamnatin jihar ta kafa dokar taƙaita zirga-zirgarsa a 2021. Hatta harshen bai tsira ba. A ƙuruciyata idan aka ce "'yan bindiga" a Katsina, dakarun hawan Salla ne suke faɗo wa mutum a rai. Yau sai an ƙara da "na Sarki" kafin a fahimce ka, kamar yadda na tsinci bakina yana yi a wannan hantsi.

Matsalar ita ce, jikin da ya koyi wannan darasi ba ya ajiye shi don an sauya masa mazauni. Likitocin ƙwaƙwalwa sun san wannan hali na firgicin da yake biyo bayan masifa, sun lura da shi a jikin sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma tun 1980 yake da suna a kundin cututtukansu. Yana da magani, kuma babban ɓangaren maganin shi ne a sake koya wa jiki, sannu a hankali kuma cikin aminci, cewa ba kowace ƙara ce mutuwa ba. Nijeriya ta sami sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958. Amma a gidajenmu har yanzu mai irin wannan hali akan ce raki ne da shi, ko a yi masa dariya idan faɗuwar kwano ta sa ya zabura. Muna ba 'yan gudun hijira hatsi da tabarma, kuma wannan alheri ne, sai dai kunnuwansu ma suna buƙatar kulawa. Yaron da ya zo daga irin waɗannan ƙauyuka aka sa shi a aji, malami ya ga ba ya mai da hankali, mai yiwuwa hankalinsa yana bakin taga yana sauraron hanya.

Ganau da jiyau

Tsoro ba ya tsayawa ga wanda abin ya faɗa wa. Yana yaɗuwa, ya zama shi ne abin da al'umma gaba ɗaya take ciko da shi, kuma a nan ne tazarar da nake magana a kai take zama haɗari ga wasu. Muna cewa gani ya kori ji, muna fifita ganau a kan jiyau, kuma a mafi yawan lokuta hakan daidai ne. Amma ganau ma fassara yake yi. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer suka nuna wa mutane fim ɗin haɗarin mota, sannan suka tambaye su gudun motocin. Waɗanda aka yi wa tambayar da kalma mai nuna ragargajewa sun faɗi gudu mafi yawa fiye da waɗanda aka yi wa da kalma mai sauƙi, kuma bayan mako guda sun fi yawan cewa sun ga fasasshen gilashi, alhali babu shi a fim ɗin. Kalma ɗaya ta shiga cikin abin da suka rantse sun gani.

A ƙarshen watan Maris na 2025, a garin Uromi na Jihar Edo, aka tare motar da ta ɗauko mafarauta 'yan Arewa daga Fatakwal za su gida yin Salla. Aka ga bindigogin farauta a cikin kayansu, aka yi ihun masu garkuwa da mutane ne, taro ya kashe mutum 16. Idon da ya ga bindigogi bai yi ƙarya ba, bindigogi ne. Abin da ya biyo baya daga zukatan da tsoron garkuwa ya riga ya cika ya fito. Mun yi kuka a kan wannan, kuma ya cancanci kuka. Amma adalci ne mu tambayi kanmu sau nawa a namu kasuwanni da tashoshi ihun "ɓarawo" ko "infoma" ya tara jama'a a kan mutumin da ba a san shi ba, sau nawa kuma shigar mutum ko harshensa ko sandar kiwon da take hannunsa suka isa a yanke masa hukunci. Wanda ya iso daga baya ya tarar ana duka, shi ma gobe zai ce da idonsa ya gani, alhali duka ya gani, bai ga laifin ba.

Hausa ta tanadi kayan aikin da za su kare mu daga wannan, in da za mu riƙe su. Muna da "wai" da "an ce" ga abin da aka ji a bakin wani. Muna da "kamar" da "da alama" da "ina jin" ga abin da zuciya ta ƙiyasta. Muna da "ashe" ga lokacin da gaskiya ta saɓa wa zato. Na lura da yadda waɗannan ƙananan kalmomi suke zubewa a hanya idan labari yana yawo a WhatsApp. Na farko zai ce ya ji ƙara kamar ta harbi ta wajen Ƙofar Guga. Na biyu zai ce wai an yi harbi. Kafin saƙon ya kai waya ta biyar ya zama "sun shigo gari", an rufe shaguna, iyaye sun bazama makarantu, mai hawan jini ya faɗi. Mai yiwuwa tayar mota ce ta fashe, mai yiwuwa kuma harbin ne da gaske. Ko wanne ne, na farkon ya faɗi iyakar abin da kunnensa ya ba shi, sauran kuwa kowa ya cire kalma ɗaya ya ƙara tabbacin da ba shi da shi. Malamanmu sun daɗe suna karantar da aya ta 6 ta Suratul Hujurat a kan bin diddigin labari, da aya ta 36 ta Suratul Isra'i wadda ta ambaci ji da gani da zuciya a jere cikin abubuwan da za a tambayi bawa a kansu.

Kammalawa

Ba ina kira ne a daina yarda da ido da kunne ba. Mutumin ƙauyen da ya ji babura da tsakar dare ba shi da lokacin bincike, gudu ne ya kamace shi, kuma gara ya gudu sau goma a banza da ya tsaya sau ɗaya a kan kuskure. Asarar gudun banza kaɗan ce. Lissafin yana juyawa ne idan abin da za a yi da fassarar ya shafi wani, wato idan za a nuna mutum da yatsa, ko a ɗaga masa sanda, ko a tura saƙon da zai hana gari barci. A nan ya wajaba mutum ya rarrabe wa kansa abu uku: abin da gaɓarsa ta riska, abin da zuciyarsa ta ɗora a kai, da abin da wani ya gaya masa.

Wannan tarbiyya ce da za a iya koyarwa, kuma mu ɗaliban Hausa muna da rabo a cikin aikin. Malamin firamare zai iya sa yara su yi gwajin ɗigo biyu a darasin kimiyya, sannan a darasin Hausa ya nuna musu bambancin "an yi" da "wai an yi". Masu gabatar da shirye-shirye a gidajen rediyonmu za su iya riƙe al'adar tambayar mai kira ko ganau ne ko jiyau, in ganau ne kuma me ya gani takamaimai. Masu aikin ƙamus da fassarar ilimin lafiya suna da aikin samar da kalmomin da mutum irin Gwaggo zai bayyana wa likita halin da yake ciki ba tare da an kira shi mahaukaci ba.

Magabata sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Mun fi riƙe rabin ƙarshe na maganar, muna yaba wa ido a kan ƙiyasinsa, kuma ya cancanci yabo. Rabin farko ma nasu ne. A cinikin da bai taka kara ya karya ba, kima ta wadatar. Idan kuwa ran mutum ko mutuncinsa ne a faifai, sai a aika a ɗauko mudu.